Kifin da Ba Shi da Gashin Baki

Sunana Isyaku, mutumin Yawuri. Tun ina shekara tara nake cikin kwale-kwale, ubana masunci ne, kakana ma haka. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, don haka zan faɗi abin da ya same ni a Dubai bi da bi, yadda ya faru. Bizar da na shiga da ita ta kwana sittin ce. Buƙatata ɗaya: in sami wanda zai ɗauke ni aiki ya yi mini takardar zama kafin kwanakin su cika. In ban samu ba, sai komawa gida, inda na riga na sayar da kwale-kwalena da taruna don in zo.

Zangon farko shi ne Abu Hail, a wani ɗaki na mutum tara. Gadajen masu hawa biyu ne, tsakaninsu kwalayen takalma da turare na 'yan kasuwar Kano da ke jiran jirgin da zai kwashi kayansu. Mai kula da ɗakin shi ne Nura, dillalin aiki, wanda ya yi mini hanya tun daga gida a kan cewa akwai jiragen kamun kifi da ke neman ƙwararru. Saurayi ne mai farar jallabiya da waya biyu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Sarkin Ruwa, kuma ba don girmamawa ba.

Kullum da safe nakan tambaye shi maganar jirgi.

"Shwaiya, shwaiya, sannu a hankali, Sarkin Ruwa. Nan ba bakin kogi ba ne, komai da layi."

"Yau kwana goma ke nan, Nura."

"To ka ƙirga na sha ɗaya gobe. Allah Ya ba ka aikin yi."

Sauran 'yan ɗakin su yi dariya. Ni kuma in fita in bi titi har bakin ruwan Deira, in tsaya ina kallon jiragen katako ana loda musu firiji da tayoyi. Ran farko na ɗebo ruwan na kai baki, na tofar. Gishiri ne zalla. Daga ranar ban ƙara taɓa shi ba, kallo kawai. Abin da ya fi damuna a kwanakin nan ba yunwa ba ce, hannuwana ne. Kantar da igiya ta yi musu ta fara laushi.

A kwana na ashirin da biyar Nura ya shigo da sauri.

"Tashi ka sa hula, aikinka ya zo. Bature ne, manajan wani sansanin shaƙatawa a kan duwatsu. Mai kifi yake nema."

Ya tsayar da waya a gabana. Baturen ya bayyana a ciki, jan fuska ne, da gilashi a goshi. Ya yi tambaya, a cikinta na ji wata kalma mai farawa da ta da ra. Nura ya juyo.

"Ya ce ka san tarwaɗa?"

"Ka ce masa da ita aka yaye ni."

"Ya ce shekara nawa kana aikinta?"

"Talatin da ɗoriya."

"Ya ce in ruwa ya lalace, za ka iya riƙe ta da rai?"

"Kwana biyu, har uku. A dai ba ni inuwa da mazubi da buhu."

Da Nura ya mayar masa, Baturen ya sauke gilashinsa ya ɗaga yatsu biyu yana tambaya. Na ɗaga masa biyu ni ma. Gaskiya na faɗa. Duk masunci ya san tarwaɗa, ko a taɓo ka jefa ta za ta kwana. Aka yanke magana: gwajin kwana talatin, in na cika, ya yi mini takarda. Na lissafa a raina, na ga zai bar mini 'yan kwanaki biyu kacal. Na ce na yarda.

Zango na biyu gajere ne. Motar kayan sansanin daga Sonapur take tashi, unguwar leburori, can na jira ta kwana uku a ɗakin wasu mutanen Bangaladash. Ba mu jin juna sai a sahun salla. Wani dattijo a cikinsu ya bar mini gadonsa na ƙasa ya hau na sama, yana kuma raba shinkafarsa biyu. A rana ta biyu muna ci ya kama hannuna ya juya, ya duba zanen da igiya ta bari a yatsuna. Sai ya buɗe nasa. Zane iri ɗaya, a wuri ɗaya. Ya yi alamar jefa birgi, ya yi dariya, sannan ya nuna kafaɗarsa, inda ɗaukar bulo ta yi masa baƙin tabo. Ban san sunansa ba har yau. Shi kaɗai ne a ƙasar nan ya gane ko ni wane ne ba tare da tafinta ba.

Zango na uku shi ne dutse. Tafiyar kusan awa biyu ce daga birni, wajen Hatta. Yashi ya ƙare, baƙaƙen duwatsu suka fara, ba ciyawa ba itace sai 'yan ƙayoyi. A cikin wani kwari na hango fararen tantuna a jere, gefensu ƙorama tana gudu a kan tsakuwa. Wallahi da na ji ƙarar ruwan sai da idona ya kawo ƙwalla. Kwana ashirin da takwas rabona da ruwan daɗi mai tafiya.

Wanda ya tarbe ni Fuseni ne, mai dafa abincin sansanin, haifaffen zangon Kumasi. Hausarsa ta ɗan karkace amma muna fahimtar juna. Ya girme wa Nura, bai kai ni ba, Baba yake ce mini.

"Daga ina ƙoramar nan ta taso?" na tambaye shi.

"Daga ɗakin can, Baba." Ya nuna wani gini mai ƙofar ƙarfe. "Inji ke ciki. Shi ke sanyaya ruwan, shi ke tura shi. In ya kai ƙasa, bututu ya mayar da shi sama."

"Ruwa ɗaya ke zagaye?"

"Ɗaya tak. Tsakuwar ma a mota aka kawo ta."

Na sauka bakin ruwa don in ga tarwaɗata. Sanyin ruwan ya kama mini hannu kamar na randar ƙasa da asuba. Na tsuguna na jira, har ɗaya ya fito daga ƙarƙashin dutse. Siriri ne, mai ɗige-ɗige, da jan layi a gefe. Yana da ɓawo. Ba shi da gashin baki ko ɗaya.

"Fuseni, ina tarwaɗar?"

"Wace tarwaɗa?"

"Wadda aka ɗauko ni dominta."

Ya dube ni, ya dubi kifin, ya zauna a kan dutse yana dariya har da riƙe ciki. Da ya ga fuskata sai ya daina.

"Baba, sunansa tirawut. Kifin ƙasar ƙanƙara ne, a jirgin sama ake kawo shi lokacin sanyi. Kai ne wanda Manaja ke ta faɗa, mai riƙe shi kwana biyu ba inji?"

"Ni ne."

"Innalillahi." Ya waiga wajen ofis. "To saurara. Kulle bakinka. Kwana talatin ne, inji na aiki, kifi na cin abincinsa. Kome ya ce, ka ce oke. In takarda ta fito, halas, shi ke nan, sai ka koyi sauran."

A nan ne laifina ya fara, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Ofishin Manaja taku ashirin ne daga inda nake tsaye. Na dubi ƙofar, na tuna kwanakin da suka rage mini, na ce wa Fuseni to.

Aikin ya kasance kamar haka. Da safe in zuba wa kifi abinci daga buhu, in kwashe ganye da ledar da iska ta kawo. Da hantsi baƙi su fito daga tantuna, Larabawa da Turawa da Indiyawa, a ba kowa sandar fatsa mai ƙugiya marar ƙaya. Wanda ya kama, in jiƙa hannuna tukuna, don busasshen hannu yana cutar da kifin nan, in riƙe masa shi a ɗauki hoto, in zare ƙugiyar, in mayar da shi ruwa. Wannan ita ce dokar wurin, ba a cin ko ɗaya.

Na jima ban saba da wannan ba. A wurinmu in ka kama kifi, ka yi bismilla, wani zai ci ya ƙoshi. A nan mutum ya ƙoshi tun a tanti, ya fito ya huda bakin halittar Allah don hoto. Cikin mako biyu na san kifayen da yagar bakinsu. Akwai wani babba da leɓensa na ƙasa ya rabu biyu, na zare masa ƙugiya ya fi sau goma. Wata baƙuwa ta sumbace shi a ka, ta ce da ni in yi murmushi don ina cikin hoton.

Manaja ba mugu ba ne, wannan ma sai in faɗa. Yakan zo ya tsaya kusa da ni ya yi dogon bayani yana nuna ruwa, in ce oke. Yakan nuna ni ga baƙi da alfahari yana ɗaga yatsu biyu. Duk ranar da ya yi haka abinci ba ya shiga mini. Na dai zuba ido ina koyo, kuma na gane abu ɗaya: kifin nan zafi ne abokin gabarsa. Na ɗauka na gama saninsa ke nan.

Kwana na ashirin da shida na gwajin ya faɗo ran Juma'a. Manaja ya tafi birni tun safe. Ni da Fuseni muka je masallacin ƙauyen da ke ƙasa, muka dawo rana tsaka. Tun daga ƙofar sansani na ji shiru. Ƙorama ta tsaya. Ruwan ya taru a manyan kwarurruka uku, sauran tsakuwa ce tana bushewa. Kifaye sun fara tasowa sama suna buɗe baki.

Fuseni ya gwada makunnin inji bai tashi ba. Ya kira Manaja, ya sa wayar a tsakaninmu. Muryar ta fito da sauri, Fuseni na juya mini.

"Ya ce mai gyara ba zai iso ba sai bayan awa huɗu. Ya ce shi ma ya taso. Ya ce, Baba, ka yi musu abin da kake yi a gida."

Fuseni ya rufe bakin wayar da hannu yana kallona. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah Ya ba ni. Da na ce ban san kifin ba, da mutumin ya faɗa mana abin yi a cikin minti ɗaya. Saura kwana huɗu in cika gwaji. Na sunkuya kan wayar na ce oke.

Na yi abin da na sani, a kan tsari. Na farko, na sa muka mirgino durom shida na roba zuwa rumfar ajiya, inda rana ba ta kaiwa. Na biyu, muka zuba musu ruwa zuwa rabi, Fuseni ya juye duk ƙanƙarar kicin a ciki. Na uku, na yanko ragar inuwa daga kan wurin ajiye motoci, na ɗaura mata tsakuwa a gefe, ta zama taru. Na shiga ruwa har ƙugu.

Ba zan ɓoye ba, rabin awar nan ita ce mafi daɗi da na yi a Dubai. Hannuwana suka tuna aikinsu. Ja biyu na share kwarin farko, ja uku na biyu. Baƙi suka fito suna tafi suna ɗauka a waya. Kwari na uku yana da zurfi, ya shiga ƙarƙashin wani katon dutse, kifayen ciki suka ɓuya, raga ta kasa kai musu. Na bar su ina jin haushin kaina. Waɗanda na kamo muka raba a durom, na rufe kowanne da jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda ubana ya koya mini. Na ce wa Fuseni ya ba ni ruwan sha.

Ba a yi awa ɗaya ba na ɗaga buhun farko. Fararen cikkuna na gani a sama. Na ɗaga na biyu, haka. Ruwan da sanyinsa, kifin kuwa ya mutu. Daga baya na sani cewa ba sanyi kaɗai yake so ba, iskar da ke cikin ruwa mai gudu yake sha. Ni kuma na cusa su a wuri ɗaya na rufe musu baki da buhu. Wanda leɓensa ya rabu yana durom na huɗu, shi ne na ƙarshe da ya daina motsi, a hannuna.

Fuseni ya zauna a ƙasa. "Baba, mun mutu."

"Ni na mutu. Kai ƙanƙara ka kawo. Tashi ka ba ni wuƙa da gishiri."

"Me za ka yi kuma?"

"Kifi ya mutu da rana tsaka. In aka bar shi zuwa magariba ya zama mushe."

A gidanmu ba a barin kifi ya ruɓe, ko na wane ne. Na farke su ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na shafa gishiri. Na haɗa ragogin ƙarfen da baƙi ke gasa nama a kai, na jera a kan duwatsu, na hura itacen da ake sayar musu na jin ɗumi, na danne wutar har ta koma hayaƙi. Banda ce irin ta Yawuri, ba gaggawa. Ƙamshi ya cika kwarin. Wani Balarabe mai furfura ya biyo shi daga tantinsa, ya ɓalli gefe ɗaya ya ci, ya ce masha Allah, ya tambayi me ya sa ba a sa wannan a jerin abinci ba.

Yana tsaye yana tauna motar Manaja ta shigo. Ya fito ya tsaya. Ya dubi hayaƙi, ya dubi layin kifaye, ya dubi baƙon da ke lashe yatsa. Bai yi ihu ba. Ya wuce kai tsaye zuwa kwari na uku ya leƙa ƙarƙashin dutse. Waɗanda ragata ta kasa kaiwa suna nan da ransu, duk cikansu. Ya sa aka kawo bokiti, shi da Fuseni suka riƙa ɗiban ruwan suna kwarara shi daga sama yana kumfa. Abin da ake buƙata ke nan tun farko, bokiti biyu.

Da mai gyara ya tayar da inji, Manaja ya kira ni ofis, Fuseni na tsakani.

"Ya ce tambaya ɗaya zai yi maka. Kafin ka zo nan, ka taɓa ganin kifin nan?"

"Ka ce masa ban taɓa ba."

"Baba, bari in ce..."

"Faɗa masa yadda na faɗa."

Ya faɗa. Manaja ya yi magana a hankali.

"Ya ce da ka gaya masa ran farko, da ya koya maka. Ya ce bai taɓa ganin mai hannun kama kifi irinka ba. Ya ce amma ba zai sa hannu a takardar mutumin da ya ce masa oke kwana ashirin da shida ba."

Ban roƙe shi ba, don ban ga inda ya yi kuskure ba. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini fasfona. Bandar kuwa ya ce a fitar masa da ita daga sansani. Washegari Fuseni ya shirya mini ita a kwali biyu, ya rako ni har motar kaya, ya cusa mini gurasa da dafaffen ƙwai a jaka.

"Ni na ce ka yi shiru, Baba. Ka yafe ni."

"Kai ka faɗa, ni na ji. Je ka, miyarka za ta kama."

Zango na ƙarshe shi ne na farko, Abu Hail, saura kwana biyar a biza. Ina ajiye kwalaye 'yan ɗaki suka taso. Wani Alhaji mai sayen atamfa ya ce rabonsa da banda wata bakwai. Kafin la'asar kwali ɗaya ya ƙare. Nura ya shigo ya tarar ana ci, ya ja guda ya zauna a bakin gadona.

"Sarkin Ruwa, ashe da tsaraba ka dawo."

"Nura, me Baturen nan ya ce ranar da ka ce tarwaɗa?"

"Wani suna ya faɗa. Na ji ya yi kama."

"Ka san ba ita ba ce?"

"Ni ɗan Fagge ne, habibi, a faranti nake ganin kifi. Ba duk ruwa suke sha ba?" Ya zare ƙaya daga baki. "Bar wannan, ya wuce. Kana da sa'a, akwai wani aiki. Balarabe ne, garken raƙuma gare shi bayan gari. Shi ba ya gwaji, gobe ka fara, jibi ya shigar da takardarka."

"Ban taɓa riƙe akalar raƙumi ba."

"Shi bai sani ba. Na ce masa daga Agadas kake, shekara ashirin kana kiwo. Dabba ce, ka ba ta ci ka ba ta sha. Wa zai gane?"

Ya goge hannu a zanin gadona, ya latsa waya, ya tsayar da ita a gabana. Wani dattijo ya bayyana da jan rawani, bayansa raƙuma a cikin shinge, har da wata mai ɗan jariri yana tangaɗi a gefenta. Ya yi mini sallama na amsa. Ya yi tambaya da Larabci.

"Ya ce ka iya karɓar haihuwar taguwa?" Nura ya rage murya. "Ka ce na'am. Takarda ce fa, Sarkin Ruwa. Kwana biyar gare ka."

'Yan ɗaki suka daina tauna. Na daɗe ina kallon ɗan raƙumin nan. Takardar da na bar gida dominta tana bayan kalma ɗaya, kuma na san in na faɗe ta za a ba ni.

Larabcina na allo ne, amma ya isa wannan. Na ce wa dattijon, "La." Wato a'a.

Nura ya fizge wayar yana ba da haƙuri, ya fita baranda. Da ya dawo ya ce ni baƙauye ne, kuma gadon nan akwai mai jiran sa. Na ce ya bar mini shi kwana huɗu. A rana ta huɗu Alhaji mai atamfa ya raka ni filin jirgi a tasi, da kwali na biyu a kan cinyata. A wurin awo suka ce ba a shiga da kifi, na bar shi a gefen kwandon shara na wuce.